Tazara Ɗaya Ta Haɗa Ni Faɗa Da Shugabarmu

Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata ta taimakon juna, wata biyar ke nan da zaɓata. Bayan taronmu na ƙarshe na rubuta rahoto a waya na tura zaurenmu na WhatsApp. A ciki na rubuta: “Kudin gudummawa kuwa, ma'aji tace Hajiya ta bata su tun watan jiya.” Nufina Hajiya, shugabarmu, ta miƙa wa ma'aji kuɗin. Kafin gari ya waye magana ta bazu wai na ce Hajiya ta ɓata kuɗin ƙungiya. Yanzu gaisuwata ma da ƙyar take amsawa. Da Hausa na tashi, amma abin nan ya sa ina tsoron rubuta ko layi ɗaya. Yaya zan yi in riƙa gane waɗannan ƙananan kalmomi masu kama da juna? Ko in ajiye muƙamin kawai?

Wata sakatariya

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki ajiye muƙamin, kuma ki daina zargin Hausarki. Da a bakin taro kika furta wannan jimla, babu wadda za ta ji “ɓata”. Harshenki ya san bambancin tun kina ƙarama. Yatsanki ne bai koya ba tukuna, shi kuwa 'yan makonni sun ishe shi.

Amma kafin maganar rubutu, maganar Hajiya, don ita ba ta jira. Kada ki ba ta haƙuri ta saƙon waya, tunda saƙon waya ne ya jawo. Ki taka ki same ta har gida, in so samu ne tare da wata babba a ƙungiyar wadda take jin nauyinta, kuma ma'aji ta kasance a wurin, domin ita ce shaidar cewa kuɗin sun shiga hannunta. Ki rubuta “ta ba ta su” da “ta ɓata su” a takarda, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ki nuna mata da idonta. Kada ki ɗora laifin a kan waya, kada ki ɗora shi a kan masu karatu. Ko da ba ki yi niyya ba, sunanta aka taɓa a gaban jama'a, kuma a kan kuɗi. Abin da take jiran ji shi ne kin gane girman hakan. Gyaran da za ki tura zaure kuwa, za mu zo kansa.

Yanzu mu duba jimlar taki. Kurakurai uku ne a ciki. “Kudin” babu ƙugiya, wato 'yar lanƙwasar da ta raba ɗ da d. “Tace” kalmomi biyu ne kika manne, “ta” da “ce”, alhali “tace” abin da ake yi wa ruwa ne idan ya gurɓace. Sai “bata”. Biyun farko ba su cuci kowa ba, amma sun koya wa masu karatu wani abu: marubuciyar nan ba ta sa ƙugiya, mu za mu riƙa sa mata. Suka sa a “kuɗin”, suka dace. Da suka iso “bata” suka sake sawa, kuma da yake kuɗi ake magana a kai, “ɓata” ta zauna daram. Da kin saba sa ƙugiya a ko'ina, rashinta a nan zai sa su tsaya su sake dubawa. Da kin bar tazara, da ma babu inda ƙugiyar za ta rataya. Haɗuwar sakacin biyu ce ta haifi abin.

Ya kamata ki san abin da rubutun boko yake ɗauka da abin da ya bari a baki. Ya bar tsawon wasali: “gari” na mutane da “gari” na niƙa haruffansu ɗaya, a na biyun ne ake jan “a”. Ya bar karin sauti, wato hawa da saukar murya: a “fata” ta jiki murya tana sauka a gaɓar ƙarshe, a “fata” na alheri tana tsayawa a sama, “wuya” na jiki daga sama yake saukowa, “wuya” ta wahala daga ƙasa take hawa. Har “r” ma iri biyu ce a baki, ta “bara” mai hidima daban da ta “bara” na roƙo, amma harafi ɗaya aka ba su. Ajami ya fi boko a nan da taki guda, don yana nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya, ko da yake shi ma ba ya nuna karin sauti. Masu ƙamus da malaman harshe suna da alamomin da suke ɗorawa a kan wasula, amma ba a sa su a jarida ko wasiƙa, kuma ba mu ce ki fara ba. 'Yan ƙungiyarki za su ɗauka wayarki ce ta samu matsala.

Irin waɗannan sunaye ba su cika haɗa faɗa ba, domin jimla tana tona su. Jinsi ma yakan taimaka: “fatan alheri” amma “fatar hannu”, “wuyan riga” amma “wuyar aiki”, “kukan yaro” amma “kukar bakin hanya”. Haɗarin yana cikin 'yan mitsi-mitsin kalmomi, kuma makamanki a kansu su ne abubuwan da takarda take iya ɗauka: tazara, ƙugiya, ninka baƙi, da alhamza, wato alamar nan da ke tsakiyar “ma'aji”. Tazara ce ta fi cin mutane, don haka a kanta za mu fi daɗewa.

Ga inda matsalar take fitowa. Aikataun da muka fi amfani da su kullum gaɓa ɗaya ce: ci, sha, bi, fi, ji, ja, so, yi, ƙi, ce, sa, ba. Wakilan suna su ma gaɓa ɗaya: na, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su, ni, shi. A magana da numfashi ɗaya ake fitar da su tare, shi ya sa hannu yake son manne su. To da zarar an manne, an samu kalma mai gaɓa biyu, kuma wannan ita ce sigar da Hausa ta fi cika da ita. Da wuya ki manne biyu ba ki faɗa gidan wani ba. “Ya ji” ya koma “yaji”. “Ka ji” ya koma “kaji”. “Ta sha” ta zama “tasha”, “ya yi” ya zama “yayi”, “ta yi” ta zama “tayi”, “na ce” ya zama “nace”, “ya ƙi” ya zama “yaƙi”. Jaridar nan ta Zariya da ta fara fita a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, da an manne mata “ta fi” da sai a ce ana korar gaskiya ne.

Haka idan wakilin sunan ya biyo bayan aikatau. “Za mu bi ki” ba “biki” ba ne, “zan ja ki” ba “jaki” ba ne, “ta fi ta” ba “ta fita” ba ce. “Ya kama ta ya tafi” da “ya kamata ya tafi” tazara ɗaya ce tsakaninsu, ɗaya labarin kamu, ɗaya shawara. Wadda ta fi kamata ki ji tsoro a aikinki ita ce wannan: “Hajiya ce ta sa ta” da “Hajiya ce ta sata”. Ki dube su da kyau. Wannan ta fi wadda ta same ki muni, kuma yatsa ɗaya ne yake raba su.

Gwajin da zai raba miki gardama a mafi yawan lokuta shi ne musanya. Idan kina shakka, ki canza mutumin ki gani. “Ta ba ta su”: in namiji ne za ki ce “ta ba shi su”, in jama'a ne “ta ba mu su”. Jimla ba ta karye ba, ashe “ta” ɗin kalma ce mai zaman kanta, a raba. Ki gwada da “ɓata”: babu “ɓashi”, babu “ɓamu”, ashe kalma ɗaya ce. “Ya kama ta” yana karɓar “ya kama su”. “Ya kamata mu tafi” ba ya karɓa. Gwajin ba ya cin daƙiƙa biyar, kuma bayan kwana kaɗan hannu yakan daina buƙatarsa.

Sai dai akwai inda ƙa'ida ta ce a haɗa, ko da mutumin yana canzawa, kuma waɗannan sai an riƙe su a ka. Idan alamar lokaci ta biyo bayan wakilin suna, ana haɗa su: ina, kana, kina, yana, tana, muna, kuna, suna, ana, nake, yake, take, suke, ake, nakan, yakan, takan, sukan, akan, kika, muka, kuka, suka, aka. Idan kuwa alamar ce ta gabata, wato “za” da “ba”, ana raba su: za ka, za ki, za ta, za mu, za a, ba ka, ba ki, ba ta, ba su, ba a. Huɗu kawai suka fita daga wannan, zan da zai da ban da bai, saboda an riga an gutsure su, babu rabin da zai iya tsayuwa shi kaɗai. Mallaka tana manne da sunan da ta mallaka, “littafinta”, “motarsa”, “kuɗinmu”, kuma doguwar mallaka kalma ɗaya ce, “nasa”, “tata”, “namu”. Haka mini, maka, miki, masa, mata, mana, muku, musu. Amma “wa” a ware take: “yi wa”, “faɗa wa”, “miƙa wa”. “Ne” da “ce” a ware, in ba haka ba “ita ce” ta koma “itace”, “ke ce” ta koma “kece”. “Ma” ita ma a ware, don “su ma sun zo” ba ruwansa da “suma”, “ku ma” kuma ba “kuma” ba ce.

Wasu tagwayen duka biyun daidai ne, kowanne da wurinsa, kuma kowanne da nasa gwajin. “A kan” da “akan”: in za ki iya sa “bisa” ko “game da” a madadinsa, a raba, “mun tattauna a kan kuɗin shiga”, in za ki iya cewa “sukan” ko “mukan”, a haɗa, “akan yi taro duk wata”. Haka “ta kan hanya” da “takan zo da wuri”. “Ta sa” da “tasa”: ki sa “sanya” ki gani, “ta sanya hannu” ya yi, ashe “ta sa hannu” ne, amma “rigar tasa” ba ta karɓar “sanya”. “Na wa ne?” tambayar mai shi ce, “nawa ne?” tambayar adadi ce ko farashi, kuma a rahoton kuɗi ba ƙaramin bambanci ba ne. “Da ma na sani” daban da “na samu dama”. “Saboda” ta dalili ɗaya ce, “sabo da mutane” biyu. Sai wanda ya cika intanet: “ba'a” da “za'a”. “Ba'a” zolaya ce. Mai son cewa ba a yi abu ba, “ba a” zai rubuta, ba alhamza, kamar yadda zai rubuta “ba mu”. “Za'a” kuwa ba kalma ba ce sam.

“Ba” ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce ta kayar da ke, kuma aiki da yawa take yi da haruffa biyu. “Ba shi kuɗi” umarni ne na bayarwa. “Ba shi da kuɗi” labarin rashi ne. “Ba shi ba ne” korewa ce. “Bashi” kuwa abin da ake bin mutum. Hakazalika “ba na” da “bana”, “ba ya” da “baya”, “ba ka” da “baka”, “ba ki” da “baki”. Inda ake yin mummunar ɓarna shi ne idan an manne ta farko sannan gaggawa ta sa an manta “ba” ta ƙarshe. Mutum ya ce “ba shi ne ya karɓa ba”, sakatare ya rubuta “bashi ne ya karɓa”. Wanda ya musanta ya koma wanda ya amsa. Duk jimlar korewa da kika rubuta, ki bi ta har ƙarshe ki tabbata “ba” ɗin da ke rufe ta tana nan, in irin mai buƙatar rufewa ce. “Ba ta zuwa” ba ta buƙata. “Ba ta zo ba” tana buƙata.

Mu koma ƙugiya. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba kwalliya aka yi wa b da d da k ba, baƙaƙe ne daban da sautinsu daban. Sun shigo rubutun boko a shekarun 1930, kuma abin da ya raba mutane da su ba jahilci ba ne, keken rubutu ne da wayoyin farko da ba su da su. Uzurin ya ƙare yanzu, al'adar ce ta rage. Ki duba abin da ake asara: “ni da ita mun saba” da “ni da ita mun saɓa” kishiyoyin juna ne. “Za mu je fada” ziyarar sarki ce, “za mu je faɗa” wani abu ne daban. Kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, kara da ƙara, baki da baƙi, sabo da saɓo, bari da ɓari, gaba da gaɓa, kada da kaɗa, mako da maƙo. Wasu ma uku-uku suke zuwa idan tazara ta shigo: zaki, zaƙi, za ki; ko da, ƙoda, koɗa. Bayan ɓ da ɗ da ƙ akwai baƙi na huɗu, wanda a Nijeriya ake rubutawa 'y, a Nijar kuma ƴ. Shi ne ya raba “'ya'ya” da “yaya”, da “'ya” da “ya”.

Kunnenki ba ya buƙatar darasi a nan, allon rubutunki ne yake buƙata. A waya, ki shiga saitin Gboard, wato allon rubutu na Google, ki ƙara Hausa cikin harsuna. Haruffan za su samu, ko a fili ko idan kika danna b, d, k kika ɗan riƙe. Ki kashe gyaran kai-tsaye na Turanci yayin da kike rubuta Hausa, domin yana sauya kalma bayan kin wuce ta ba ki sani ba. A kwamfuta, Windows yana da allon Hausa da ake ƙarawa a saitin harshe. In ba ki samu ba kuma a Word kike aiki, ki rubuta lambar harafin, ki danna Alt da X tare: 0253 don ɓ, 0257 don ɗ, 0199 don ƙ, manyansu 0181, 018A da 0198. Idan kika ga ɗan akwati a wurin harafi, salon haruffan da kika zaɓa ne ba shi da shi, sai ki koma irin su Noto Sans ko Charis SIL. Takardar da za a buga a wata na'ura kuma ki mayar da ita PDF tukuna, in ba haka ba ƙugiyoyin suna iya zubewa a hanya. Masu rubuta “q” a madadin ƙ, ko “d'” a madadin ɗ, sun fi wanda bai sa komai ba, a hira da ƙawaye. A rahoton ƙungiya ba su da wuri: alamar tana cakuɗewa da alhamza ta gaskiya, kuma in an zo neman kalma a cikin takardu ba za a same ta ba.

Akwai cutar da ke kama wanda ya fara sa ƙugiya, ita ce sa ta inda babu. Sai ki ga “ƙuɗi”, “ƙarɓa”, “ƙaɗan”, “ɗauƙa”. Ga abin da zai tsare ki: a kalmar Hausa ta asali, da wuya baƙaƙe masu ƙugiya iri biyu daban su zauna tare. Iri ɗaya yana maimaituwa, kamar “ƙoƙari” da “ɗanɗano”, amma ƙ da ɗ, ko ƙ da ɓ, ba sa son zama a gida ɗaya. Shi ya sa ake da kuɗi, kaɗan, karɓa, keɓe, ɗauka, ɗinki, ɗaki, ƙuda. In kin ga ƙugiya iri biyu a kalma guda, kusan kullum ɗaya ta yi yawa. Kalmomin aro daga Larabci masu alhamza, irin su “ƙa'ida” da “ɗabi'a”, ba su shiga wannan lissafi ba. Ki kuma kiyaye “kashi goma cikin ɗari”. In kika ƙara masa ƙugiya kin koma maganar ƙashi.

Ninka baƙi da alhamza ba su da wahala, kunne yana jin su in an saurara. Daba da dabba, kala da kalla, maka da Makka, za ka da zakka. Mana da ma'ana, sa da sa'a. Ki furta a hankali, inda harshe ya ɗan daɗe a kan baƙi, biyu ne.

Yanzu ga wurin da duk ƙa'idojin nan ba za su cece ki ba, kuma shi ne ya fi shafar mai rubuta rahoton taro. Ki karanta wannan: “Shugaba ta ce ma'aji ta biya kuɗin.” Babu kuskure ko ɗaya a rubutun. Amma an biya ne, ko umarni ake bayarwa a biya? A baki ba a ruɗewa: “ta” ta abin da ya wuce doguwa ce kuma murya a sama, “ta” ta umarni gajeruwa ce kuma murya a ƙasa. A takarda ɗaya suke. Abin lura, ba kowane wakilin suna ne yake da wannan matsala ba. “Sun biya” da “su biya” a rarrabe suke, haka “an biya” da “a biya”, “kin biya” da “ki biya”, “mun” da “mu”, “kun” da “ku”. Uku ne masu ɓuya: ka, ya, ta. Duk inda ɗayansu ya biyo bayan “ta ce” ko “ya ce” ko “an amince”, ki tsaya. In abin ya faru, ki rubuta “ta riga ta biya”. In umarni ne, “ta umarci ma'aji da ta biya”, ko “ta ce lallai ma'aji ta biya kafin ranar kaza”.

“Da” ma haka take. Akwai “da” ta haɗi, akwai “da” ta zamanin baya, akwai “da” ta abin da bai faru ba, akwai “da” ta lokaci. “Da ta zo” yana iya nufin ta zo ɗin, yana iya nufin ba ta zo ba. Ki ce “lokacin da ta zo” in ta zo. In ba ta zo ba ki cika jimlar da 'yar'uwarta, “da ta zo da an biya ta”. Don zamanin baya, “a da” ya fi “da” tsirara. A ƙungiyar mata kuma kalmar “mata” kanta tarko ce. “An raba mata kayan” mutum ɗaya ce. “An raba wa mata kayan” jama'a ne. Wannan “wa” ɗin ita kaɗai ta raba su, kada ta faɗi.

Ko da kin rubuta “ta ba ta su” daidai, jimlar ba ta isa rahoton kuɗi ba. Mata biyu ne a cikinta, “ta” biyu, “su” ɗaya. Wa ya ba wa? A duk jimlar da kuɗi ko zargi ko alƙawari ya shigo, ki ajiye wakilin suna ki kira mutum da sunansa ko muƙaminsa, ki kuma zaɓi aikatau mai tsawo wanda ba shi da tagwai: “miƙa” ko “damƙa” maimakon “ba”, “sanya” ko “umarta” maimakon “sa”, “bayyana” maimakon “ce”. Rubutun zai ɗan yi nauyi. Rahoto ba waƙa ba ne, nauyin ba laifi.

Ga yadda za ki riƙa yi kafin ki tura komai. Ki rubuta rahoton a wani wuri daban, ba a cikin zauren kai tsaye ba, ki bar shi ko na awa ɗaya, domin idon da ya gama rubutu abin da yake nufi yake gani, ba abin da ya rubuta ba. Sannan ki yi amfani da wurin neman kalma ki bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya: bata, bashi, basu, sata, kamata, zata, zaki, akan, tasa, nasa, nawa, dama, suma, tace, ba'a. Kowacce kika samu ki yi mata gwajin musanya. Kada ki taɓa danna “sauya duka”, don wasunsu daidai suke a inda suke. In a Word kike, kina iya koya wa AutoCorrect, wato mai gyara kalma da kansa, ya riƙa gyara kalmomin da ba su da tagwai marasa ƙugiya, kudi zuwa kuɗi, daya zuwa ɗaya, kungiya zuwa ƙungiya, karba zuwa karɓa. Kada ki ba shi kasa, kara, fada, baki, bari ko sabo, zai gyara miki daidai ya koma kuskure. Bayan nan ki karanta da ƙarfi, kina ɗan tsayawa a kowace tazara, kina furta abin da ke kan allo ba abin da ke ranki ba. Na ƙarshe, ki ba wadda ba ta halarci taron ba ta karanta, ki tambaye ta abu ɗaya: wa ya yi me? In amsarta ta saɓa da abin da ya faru, jimlar ce za a sake, ba ita za a yi wa bayani ba. Kalmar da kika yi shakkar ƙugiyarta kuma ki duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya fito a 2006. Ya kamata ƙungiya mai rubuta rahoto da Hausa ta mallaki guda.

Saura gyaran. Bayan kin ga Hajiya, ba kafin nan ba, ki tura shi a zauren da kuskuren ya fita. Kada ki goge tsohon saƙon a ɓoye, masu gulma za su ce an rufe wani abu ne. Ki rubuta kamar haka, ki cike ranaku da adadin da lambobi:

“Gyara. A rahoton taronmu na ranar kaza na yi kuskuren rubutu wanda ya sauya ma'ana. Abin da ma'aji ta bayyana shi ne: Hajiya shugaba ta riga ta miƙa wa ma'aji kuɗin gudummawa, adadi kaza, tun ranar kaza ga watan jiya, kuma kuɗin suna hannun ma'aji. Kuskuren nawa ne. Ina neman afuwar Hajiya da ta sauran 'yan'uwa.”

Ki roƙi ma'aji ta amsa a ƙarƙashinsa da kalmar tabbatarwa. A taro na gaba ki karanta shi da bakinki kafin a amince da rahoton baya, a shigar da shi littafi, shugaba ta sa hannu.